Binciken Lamiri Kafin Barci

'Yan'uwa cikin Kristi, tun asuba muke kai da kawowa tsakanin gona, kasuwa da ofis, har mu kwanta ba mu tambayi kanmu yadda muka bi da ranar ba. Ɗan kasuwa ba ya barci sai ya ƙirga cinikinsa. Ashe ranmu bai fi kuɗi daraja ba?

A shekara ta 1521 harsashin igwa ya karya ƙafar Waliyyi Ignatius na Loyola a yaƙin Pamplona, a ƙasar Sifen. Yana jinya ya fara lura da tunaninsa. Burin suna da ɗaukaka yakan bar shi cikin ƙunci, amma tunanin bin sawun waliyyai yakan bar masa salama. Ya ɗauki littafi yana rubuta abin da ya taɓa zuciyarsa daga rayuwar Yesu.

Daga baya ya koyar da matakai 5: ka gode wa Allah, ka roƙi haske, ka bi ranar sa'a bayan sa'a, ka nemi gafara, ka ƙudura gyara. Ya kuma ba da shawarar a zaɓi laifi guda, a sa ɗigo duk lokacin da aka faɗa cikinsa, a gwada yau da jiya.

Saboda haka ka keɓe minti 15 kowane dare, da ƙaramin littafin da za ka adana a ɓoye. Wanda bai iya rubutu ba, ɗigo ya ishe shi. Ranar furta zunubi ba za ka durƙusa gaban Fada kana laluben abin faɗa ba. Ubangiji ya ba mu alherinsa. Amin.