Amsoshin Tambayoyinku: In Haƙura da Fita da 'Ya'yana Mata?

TAMBAYA

Ni magidanci ne a Damari ta ƙaramar hukumar Sabuwa, ina noma, ina ɗan taɓa saye da sayar da hatsi. Allah Ya ba ni 'ya'ya uku, duka mata: babbar shekararta 9, mai bi mata 6, autar ba ta cika 3 ba. Da muna yara mahaifinmu yakan ɗora ni a keke mu tafi cin kasuwa, kuma har yau daɗin wannan bai bar raina ba. Ina so in yi wa nawa haka, sai dai abu biyu sun tare ni. Na farko halin da hanyoyinmu suke ciki. Na biyu, mahaifiyata ta ce ba a saba wa 'ya mace da yawo, abokaina kuma in sun gan ni riƙe da hannunsu sai su ce na koma ɗan raino. Babbar ba ta taɓa wuce Dandume ba. In haƙura ne, ko akwai yadda zan yi?

Daga wani magidanci a Damari.

AMSA

Allah Ya raya maka su, Ya sa masu jin ƙanka ne ranar da ƙarfi ya ƙare.

Kada ka haƙura. Amma abubuwa biyun da ka ambata nauyinsu ba ɗaya ba ne. Maganar hanya magana ce ta rai, dole a yi mata biyayya. Maganar abokanka kuwa surutu ne na bakin majalisa. Ta Hajiya mahaifiyarka tana tsakani, zan zo kanta.

Bari mu fara da hanya. Ba ni zan gaya wa mutumin Damari abin da ɓarayin daji suka yi wa wannan yanki ba, kai ne ka kwana a cikinsa. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashi ɗalibai 344 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a Zamfara aka tafi da 279. A wannan shekarar ce gwamnatin Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Wanda ya fi kusa da tambayarka shi ne na farkon Fabrairun 2024, da aka tare 'yan kai amarya a yankinku da dare, aka shiga daji da gomman mata da yara. Mutanen nan ba yawon shaƙatawa suka fita ba, zumunci ne ya fitar da su. Duk uban da ya tuna wannan ya ji gabansa ya faɗi, ba a ce masa matsoraci.

Tun daga lokacin an yi abubuwa. Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, kuma a 2025 an yi ta zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama na jihar Katsina. Wata hanyar ta yi sauƙi, mutane sun koma gonakin da suka bari. Sai dai lafiyar hanya aba ce ta yau da yau. Wadda aka bi salin-alin ranar Talata ana iya tare ta ranar Laraba. Saboda haka labarin da za ka dogara da shi shi ne na direban da ya shigo tasha da safen nan, da na ɗan sa-kai da ya kwana a bakin gari. Ka bari motoci biyu ko uku su shigo daga inda za ka nufa, ka tambaya, sannan ka ɗauko yaran. Fita da hantsi, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Idan abin da kuka je yi ya ja ku har yamma, ku kwana can, ko da kuwa ba ku zo da shirin kwana ba. Kunyar kwanan gidan mutane ta fi sauƙin ɗauka. Kada a sanar da ranar tafiya a majalisa, su ma yaran sai da safe za a ce su shirya, don yaro ba ya riƙe magana, infoma kuma ba shi da tambari a goshi. Ranar da zuciyarka ba ta kwanta ba, ko ka ji ƙishin-ƙishin, a fasa. Za su yi kuka, ka lallashe su da wani abu a cikin gari.

To, ga abin da nake so ka lura da shi. Duk waɗannan sharuɗɗa, da 'ya'yan naka maza ne, su ɗin dai zan faɗa maka. Waɗanda aka ɗauka a Ƙanƙara maza ne. Hatsarin hanya bai ware mace ba, don haka ba hujja ba ce ta cewa ita kaɗai za a kulle.

Abokan naka kuma ina da tambaya gare su. A kowace tasha da kowace kasuwa a ƙasar Hausa za ka ga 'yan mata 'yan shekara bakwai, takwas, ɗauke da farantin gyaɗa ko bokitin awara, su kaɗai, suna kutsawa tsakanin 'yan kamasho da direbobi har magariba. Babu mai cewa an saba musu da yawo. Sai uba ya riƙe hannun 'yarsa ya kai ta ta ga yadda ake auna masara, sannan za a ga abin dariya? Yarinyar da ke cikin hatsari ita ce wadda ke waje babu kowa nata a kusa. Taka tana tare da mahaifinta.

Na san inda abin ya samo asali. Muna da kunyar 'ya'ya, musamman ɗan fari, har wani uban ba ya iya kiran sunan 'yarsa ta fari a gaban mutane. Kunya ado ce, ban raina ta ba. Amma a gidaje da yawa ta wuce gona da iri, har yarinya ta tashi ta yi aure ba ta taɓa zama ta yi hira da mahaifinta ba, in ta ji sallamarsa sai ta shige ɗaki. Irin wannan yarinyar, ranar da wani ya tare ta a hanyar Islamiyya ya faɗa mata maganar banza, ko aurenta ya yi tsami, uban ne na ƙarshen ji. Sabon da ake yi a kan hanyar gona da bakin kasuwa shi ke buɗe bakin yarinya daga baya. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Nana Zainab a gaban sahabbai, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya kuma yi wa wanda ya rene 'ya'ya mata da kyautatawa albishir da kusanci da shi ranar lahira. A tarihinmu ma, zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, 'yan taru sukan yi tattaki daga ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu ƙarƙashin jagorancin jaji, kuma ayarin nan dattawan mata ne da ƙananan 'yan mata. Fitar 'ya mace cikin tsari da rakiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ina za ka kai su? Ka fara da abin da ke bakin ƙofa, don yaro ɗan shekara shida bai san nisa ba, sabon abu ya sani. Gonar da ke kusa da gari lokacin kaka, ranar da mutane suka cika ta. Wurin maƙeri yana zuga wuta. Injin niƙa, wurin masu gyaran mashin, lambun rani in akwai a kusa. Tunda kai ɗan hatsi ne, kana da abin da wani uban ba shi da shi. Ranar kasuwa ka zaunar da babbar a kan buhu kusa da kai, ka miƙa mata tiya ta cika da hannunta, ta ga yadda ake tsiri da yadda ake shafewa, ta ƙirga tiya nawa ke shiga buhu, ka bar ta ta karɓi kuɗi ta ba da canji. Za ka ga ta daure fuska tana motsa leɓe tana lissafi, kamar ita ce mai rumfar. Lissafin da ta yi a ranar zai zauna mata fiye da na allo. Awa biyu sun isa. Kafin rana ta take a saya musu rake ko ƙuli-ƙuli a mayar da su gida.

Sai zumunci, wanda aka ce a ƙafa yake. Rashin tsaro ya yi mana wata ɓarna da ba a cika faɗa ba: yara suna tashi ba su san gwaggonninsu da kawunnansu ba, wasu dangin sun yi hijira zuwa Funtuwa ko Zariya, an koma gaisawa ta waya. 'Ya mace ta fi kowa bukatar sanin gidajen danginta, domin aure zai iya kai ta wani gari, kuma ranar da ta shiga matsala ƙofar da ta taɓa shiga tana yarinya ita za ta iya ƙwanƙwasawa.

In hanya ta ba da dama kuma aljihu ya yarda, Funtuwa ita ce matakin farko: babbar kasuwa, manyan motoci, shagunan littattafai. Ka shiga da babbar ta zaɓi littafi ɗaya da kanta. Daga Funtuwa Zariya ta fi muku birnin Katsina kusa, kuma gari ne da ya dace da 'yan mata, don a can za ka tsaya a gindin ganuwa ka ba su labarin Sarauniya Amina, ku ga ƙofar fadar Zazzau, ku wuce Samaru su ga 'yan mata rungume da littattafai suna shiga Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan ganin kaɗai yana sa wa yarinya wani tunani. Katsina kuwa, ta Bakori da Malumfashi, tafiyar kwana ce: hasumiyar Gobarau, Gidan Korau, da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Kano akwai gidan zu na Audu Baƙo. Irin wannan babbar tafiya ko sau ɗaya a shekara ta isa, bayan an sayar da amfanin gona. In hawan Salla za ku kalla, ku nemi wuri mai tudu nesa da ƙafar dawaki, autar kuma a bar ta gida.

Akwai hatsarin da ya fi kusa da ku fiye da na daji, shi ne mashin. Dogon hijabi ko bakin zane yana shiga sarƙa ko tayar baya, ya fizgo yarinya ƙasa kafin ka taka birki. Kafin ka tayar, ka tattare hijabin kowacce ka cusa mata a ƙarƙashin cinya, ka duba da idonka. Salansa kuma ta ƙona ƙafafun yara ba adadi, ka koya musu sauka ta hagu. Kada ka jera su ukun a mashin ɗaya. Ƙaramar da ake ɗorawa a kan tanki barci ke ɗaukarta da zarar iska ta buge ta, kai kuma hannuwanka biyu suna kan kan mashin. In da ita za a je, uwarta ta goya ta, ko a shiga mota.

Guzuri ba shi da yawa: ruwan sha daga gida, abin taɓawa busasshe, leda da tsumma saboda amai, kayan canji na ƙaramar, da ƙullin gishiri da sukari na kemis ko da zawo zai kama wata. In da damina za ku kwana wani wuri, a tafi da gidan sauro. Manyan biyun su haddace cikakken sunanka, sunan garinku da lambar wayarka, ka riƙa tambayarsu kamar wasa har ta zauna. Ka kuma rubuta lambar a takarda a maƙale wa kowacce a cikin riga. Ka gaya musu in sun neme ka sun rasa a kasuwa su tsaya inda suke, kada su bi kowa, su nemi mace mai goyo ko mai rumfa su ba shi lambar. Ka faɗi wannan da sakin fuska. Yaran yankinku sun riga sun ji harbi, sun ga an gudu da dare, ba sa bukatar ƙarin tsoro daga bakinka.

Saura Hajiya. Kada ka yi musu da ita, kada kuma ka kawo mata hujjojin da na kawo maka kamar mai karanta mata wa'azi. Abin da take tsoro gaskiya ne: kada yarinya ta zama mai ƙafar yawo, kada kuma a rasa ta a hanya. Ka nuna mata cewa fita da uba daban, gantali daban. Hanya mafi sauƙi ita ce tafiyar farko ta zama zuwa gidan danginta ita Hajiyar, ƙanwarta ko wata 'yarta da ke aure a wani gari. Ka ce, “Inna, ina so in kai yaran nan su gaida Gwaggo, me za a kai mata?” Ita da kanta za ta ƙulla daddawa da kuka ta ba su. In tana da ƙarfin tafiya, a tafi da ita. In sun dawo, ka tura su ɗakinta su ba ta labari tun kafin su cire takalma.

Uwar yaran ma a yi shawara da ita tun farko, don ita ta san wadda mota ke sa wa amai da wadda ba ta cin abincin waje. Wata rana ku fita gaba ɗaya, ita ma ta sha iska. Wata rana kuma ka kwashe manyan biyun ka bar ta ta huta, ka tambaye ta wanne ta fi so a wannan makon.