DARASIN NOMA: ƘUDAN ZUMA ABOKIN MAI LAMBU

Sau da yawa mai lambu yakan ga kabewarsa ta yi yaɗo, ta yi fure, amma da 'ya'yan sun fito sai su yanƙwane su kaɗe. Sai ya ɗora laifi a kan iri ko taki. Alhali kuwa wani lokaci rashin ƙudan zuma ne ya jawo asarar.

Yadda abin yake

Kabewa da kankana da guna suna da fure iri biyu, namiji da mace. Ana gane macen da ɗan ƙullutun da ke gindinta. Namijin kuwa yana ɗauke da wani gari rawaya. Sai garin nan ya kai ga macen sannan ƙullutun zai girma ya zama ɗa. Gero da masara iska ke kai musu nasu garin. Na kabewa kuwa yana da nauyi da danƙo, sai ƙwari ke iya ɗaukarsa. Ƙudan zuma ne kan gaba a wannan aiki. Malam buɗe littafi da ƙudaje su ma suna taimakawa.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar irin waɗannan halittu. A 2017 Majalisar ta keɓe ranar 20 ga Mayu ta zama ranar ƙudan zuma ta duniya.

Abin da ya kamata a yi

1. Kada a fesa maganin ƙwari da safe, lokacin da fure ke buɗe. In ya zama dole, a bari sai yamma lis.
2. A ajiye ruwa a kasko, a zuba tsakuwa a ciki don su sami wurin sauka kada su nutse.
3. A dasa zogale da darbejiya a gefen lambu. A bar gawo, domin yana fure bayan damina, lokacin da abincinsu ke ƙaranci.
4. A daina cinna wa daji wuta. Mai ɗiban zuma ya yi amfani da hayaƙi kawai, ya kuma bar wani saƙa a cikin amya.
5. In ƙwarin sun yi ƙaranci, a tsinko namijin fure da sassafe, a cire ganyen furen, a shafa garin a tsakiyar macen.

Tambayoyi

1. Yaya ake gane macen furen kabewa?
2. Me ya sa ba a son feshi da safe?
3. Waɗanne itatuwa ne ke fure da rani a ƙauyenku? Kowane ɗalibi ya rubuta uku, ya kawo wa malami a aji.