Iya Magana a Gaban Jama'a: Darussa Daga Shela, Fada da Zauren Karatu

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a jawo hankalin ɗaliban Hausa zuwa ga wani fanni da muke yi wa riƙon sakainar kashi, wato iya tsayawa gaban jama'a a yi bayani gamsasshe. Sau da yawa akan sami ɗalibi ya ƙware a nahawu da nazarin waƙa, amma da zarar an ce ya gabatar da maƙala a taron ƙara wa juna sani, sai ya sunkuyar da kai yana karatu kamar mai tilawa. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin yawancinmu aikin koyarwa ko na rediyo ko na mulki ke jiranmu, kuma duka da baki ake yin su. Za a ɗauko misalai daga ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, musamman Yalwa da maƙwabtanta na yankin Kibiya.

Abin da Masana Suka Shimfiɗa

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotil na ƙasar Girka ya nuna cewa abubuwa uku ke sa magana ta shiga: mutuncin mai magana, da ƙarfin hujjarsa, da yadda ya taɓa zukatan masu sauraro. Malaman balaga kuwa, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukanmu, irin su Uƙudul Juman na Suyuɗi, sun kasa fannin gida uku, wato ma'ani da bayani da badi'i. A wurinsu magana ba ta cika sai ta dace da halin da ake ciki. Bahaushe ma bai jahilci wannan ba, shi ya sa ya ce magana zarar bunu ce.

Makarantun Magana na Gargajiya

Na farko shi ne mai shela. Idan dagaci yana da saƙo, mai shela kan fita lokacin da mutane suka dawo daga gona, ya tsaya a mararraba ko bakin kasuwa. Yakan fara da ambaton wanda ya aiko shi, sannan ya faɗi saƙon a gajarce, ya maimaita shi, ya matsa gaba. Darasi a nan shi ne: kunne ba ido ba ne. Mai karatu yana iya komawa baya a takarda, amma mai sauraro ba shi da wannan dama, don haka dole a taƙaita masa, a kuma nanata.

Na biyu ita ce fada. Wanda ya je gaban Sarkin Rano, Autan Bawo, ko gaban hakimi, ba ya faɗa wa magana kai tsaye. Sai ya faɗi ya yi gaisuwa, ya jira a ba shi izini, sannan ya kawo buƙatarsa ba tare da kewaye-kewaye ba. Daga nan muke koyon jeranta gaisuwa bisa girma, da kuma sanin lokacin yin shiru.

Na uku shi ne zauren tafsiri. Mai jan baƙi kan ja aya ko gutsurenta ya tsaya, malam ya fassara, ya kawo misali daga rayuwar mutane, sannan a ci gaba. Wato ana ba da ilmi loma-loma ne, ba a ɗura shi gaba ɗaya.

Na huɗu ita ce laccar siyasa. Malam Aminu Kano (1920-1983), jagoran jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano a 1950, ya shahara da sauƙaƙa manyan batutuwa har talakan ƙauye ya gane. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano (1929-2017), wanda ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1981, an san shi da sarrafa murya da iya jeranta zance cikin Hausa da Turanci.

Yadda Ɗalibi Zai Amfana

Alal misali, a ce an nemi ɗalibi ya yi wa manoman Yalwa ko Rurum ko Tarai bayanin yadda ake sa takin zamani. Abu na farko, ya san da wa yake magana. Waɗannan mutane sun girme shi, sun kuma fi shi sanin gona, saboda haka sai ya fara da gaida mai unguwa da liman da dattawa, ya nuna shi ɗa ne da aka aiko. In ya yi haka ya sami mutuncin da Aristotil ya ambata.

Na biyu, ya yi awo da ma'aunin mutanen. Buhun taki kilo 50 ne, amma manomi da buhu da tiya da mudu yake lissafi, ba da kilo ba. Haka kuma ya guji cusa Turanci inda akwai kalmar Hausa.

Na uku, ya ware muhimman batutuwa, kada su wuce uku ko huɗu. Ya sanar da su tun farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tattaro su a ƙarshe yadda mai shela ke yi. Kanun maganar kawai zai rubuta a 'yar takarda, domin idonsa ya kasance a kan jama'a.

Na huɗu, ya kula da adon harshe. Karin magana guda da ta faɗa daidai gurbinta ta fi goma da aka jero don burgewa. Habaici da zambo kuwa ba nan ne muhallinsu ba, don baki shi ke yanka wuya.

Na biyar, murya. Ya ɗaga ta yadda na bayan taro zai ji, ya dakata bayan kowace muhimmiyar magana. Faɗuwar gaba kuwa maganinta shiri da yawan gwaji: ya gabatar da jawabin ga abokan ɗakinsa, ya auna tsawonsa da agogo, ya karɓi gyara.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa iya magana ba baiwa ce kurum ba, abu ne da ake koya, kuma malamansa na nan a ƙauyukanmu. Muna roƙon malamanmu su riƙa ba da maki a kan gabatarwa da baki kamar yadda suke bayarwa a kan rubutu, Ƙungiyar Hausa kuma ta riƙa shirya muhawara a kai a kai. Ya kamata kuma masu neman batun kundin digiri su naɗi muryoyin masu shela da sanƙirori na ƙasar Rano da Kibiya, su yi nazarin salonsu tun kafin lasifika da wayar hannu su gama maye gurbinsu.