Ƙanena yana ji, amma ba ya saurare

Likitoci sun ce ƙanena yana da sikizofireniya, kuma yana shan maganinsa. Muryoyin da yake ji sun lafa, amma in ana hira a tsakar gida sai ya yi zuru, a yi ta maimaita masa magana, ƙarshe ya shige ɗaki. Baba ya ce raini ne. Haka ne?
Wata 'yar'uwa, Funtuwa

Ba raini ba ne, jin ne ya yi masa yawa. Ƙwaƙwalwar mai lafiya tana da rariya: ana daka, rediyo na yi, yara na kuka, amma ta tace muryar Baba ta watsar da saura. A wannan ciwo rariyar ce ke yagewa. Tun 1961 McGhie da Chapman, masu bincike a Sikotlan, suka rubuta koken marasa lafiya cewa kowane sauti da motsi na fizgar hankalinsu lokaci guda. Daga baya aka auna abin a Jami'ar Kolorado ta Amurka: a kunna ƙara biyu iri ɗaya, rabin daƙiƙa tsakaninsu. Ƙwaƙwalwar mai lafiya kan rage amsa ta biyun don ta riga ta san ta, ta masu ciwon da dama kuwa kan karɓe ta tamkar sabuwa.

Baba zai ce, to ai yana shan magani. Gaskiya ne, sai dai magungunan, masu aiki kan sinadarin dofamin, sun fi ƙarfi wajen kwantar da muryoyi da zargi. Tattara hankali ba su cika gyara shi ba. Wasu ma kan sa barci da kasala, wannan a gaya wa likita, kada a dakatar da magani a gida. Zai kuma ce, ya aka yi in su biyu ne yake amsawa daidai? Ai nan hujjar take: an rage hayaniyar, sauraron ya dawo. Mai raini ba ruwansa da ko rediyo na kunne.

Don haka ɗaga murya ƙara masa kaya ne. Binciken George Brown a Ingila ya nuna ciwon ya fi saurin dawowa a gidajen da ake yawan kushe mara lafiya. A kashe rediyo, a kira sunansa, mutum ɗaya ya yi magana, saƙo ɗaya, a jira amsa. In ya shige ɗaki a ƙyale shi ya huta, amma kada a bar ɗakin ya zama mazauninsa. A riƙa kiransa cin abinci lokacin da gida ya yi sauƙin jama'a.