Filin Hoto: Mai zuƙo nesa zan saya, ko mai gani a ɗakin amarya?

Malam,

Ni mai lalle da kwalliyar amare ce a nan Kano. Da wayata nake ɗaukar hoton aikina idan na gama, to sai iyayen biki suka fara roƙona in tsaya in ɗauki hoton kamu da na yini, saboda gidaje da yawa ba sa son namiji mai hoto ya shiga tsakiyar mata. Ganin abin yana neman zama sana'a, da na kwashi adashina sai na ƙudurta sayen kyamara ta gaske.

Mun je shago ni da Yayana. Mai shagon ya fito mana da guda biyu, duka na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko Nikon D3500 ce, irin da ake kira DSLR, wadda ake cire mata gilashi a sa wani. Ta biyu Nikon P900, gilashinta a manne yake, an rubuta 83x a jikinta. Ya fito da mu bakin titi ya saita ta kan hasumiyar wani masallaci can nesa, ya zuƙo har muka ga tattabaru a kan lasifika. Da ya murɗa ta farkon kuwa, da ƙyar ta tsallaka titi, ya ce ita 3x ce kawai.

Yaya ya ce ai magana ta ƙare, tamanin da uku ina, uku ina. Har ya yi alkawarin cika mini kuɗin idan na ɗauki P900, don shi ma yana so ya riƙa ara ranar Hawan Daushe. Amma wata ƙawata da mijinta yake aikin hoto ta ce in yi hattara, ba ta taɓa ganin irinta a hannun masu hoton biki ba. Kuɗin nan na sha wuya kafin in tara su, Malam, kuma ba na son in ɓata wa Yaya. Wacce zan ɗauka? Allah Ya saka da alheri.

Mai bibiyar filinka, daga Kano

Malama,

Allah Ya sa wa sana'a albarka. Ki ɗauki D3500. Na faɗi wannan tun da fari don hankalinki ya kwanta, sauran bayanin kuma ki karanta wa Yaya, domin mutumin da ya ce zai cika miki kuɗi ya cancanci a ba shi hujja.

Abin da mai shago ya nuna muku gaskiya ne. P900, wadda Nikon ta fitar a 2015, tana zuƙowa daga abin da ya yi daidai da milimita 24 har zuwa 2000, kuma har ramukan da ke jikin wata ana gani da ita. Sai dai ya nuna muku ita a bakin titi da rana tsaka, inda haske ya yi yawa har ya wuce buƙata. Ke kuma aikinki yana cikin falo mai labule, da ɗakin amarya mai ƙwai ɗaya, da zauren biki bayan magariba inda fitilu ke canza launi. A waɗannan wurare babu abin da ke nesa da ke. Amarya taku uku ce daga inda kike tsaye. Abin da ke ƙaranci shi ne haske, kuma lambar 83x ba ta ce komai a kan haske ba. Abin da take nufi kawai, ƙarshen zuƙon ya ninka farkonsa sau 83.

A cikin kowace kyamara akwai ɗan farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto, masu aikin suna ce masa sensa. Na cikin P900 bai wuce milimita 6.2 a tsawo da 4.6 a faɗi ba. Na D3500 milimita 23.5 ne da 15.6. Idan aka buga lissafi, filin na biyun ya ninka na farkon kusan sau 13. Kamar mace biyu ne suka fita taran ruwan sama, ɗaya da baho ɗaya da kofin shayi: idan ana mamako kowa zai cika, idan yayyafi ake yi mai kofi za ta dawo da ɗan abin da bai kai kurɓi ba. Ɗakin biki yayyafi ne. Kyamarar da ba ta samu isasshen haske ba sai ta tilasta wa kanta ƙara shi, nan ne hoto ke fitowa da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, ko kuma ta goge tsakin ta haɗa da zanen lallen da kika ɓata awa uku kina yi, ya koma dabbare. Kuma ƙanƙantar sensar nan ba ha'inci ba ce, da ita aka sayi dogon zuƙon. Gilashin da zai kai 2000 a kan babban sensa, mutum ɗaya ba zai yi yawo da shi a wuya ba.

Akwai abin da zai ba ki mamaki: manyan wayoyi da yawa na yanzu sensarsu ta kai ta P900, wasu ma sun fi ta. Zai yiwu ki kashe adashinki kaf, ki shiga ɗakin amarya da dare, ki tarar wayar da ke jakarki ta fi sabuwar kyamarar fitar da fuska. Wannan shi ne abin da nake jiye miki.

Wani abin da ya shafi bikinmu musamman shi ne haɗuwar fata mai duhu da farin leshi ko shadda mai walƙiya a hoto guda. Ƙaramin sensa ba ya iya riƙe biyun tare. Ko dai fuska ta fito leshin ya ƙone fari fat babu zane, ko leshin ya fito fuskar ta nutse. Babban sensa yana da sararin riƙe su, kuma D3500 tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da za ki iya gyara haskensa da launinsa a kwamfuta idan fitilar zaure ta mayar da amarya shuɗiya. P900 ba ta da wannan tsari, ba ta kuma da mazaunin da ake ɗora babbar filasha a samanta. P950 ta 2020 kuwa tana da su. Ga batun batir, wanda duk mai aiki a ƙasar nan ya san ba ƙaramin batu ba ne: a gwajin kamfani D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, P900 kuwa 360.

Amma kada ki ɗauka da kin riƙe D3500 shi ke nan. Gilashin 18-55 da take zuwa da shi matsakaici ne, kuma shi ma ba gwanin duhu ba ne. A jikin kowane gilashi akwai lamba da ke bin harafin f, tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idan kin murɗa 18-55 zuwa ƙarshe yana tsayawa a f/5.6. Akwai wani ɗan gilashi na Nikon, 35mm f/1.8 DX, ba ya zuƙowa ko kaɗan, da ƙafarki za ki matsa ko ki ja baya, amma hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na wancan sau goma. Shi ne zai ba ki hoton da fuskar amarya ta fito tar, tarkacen bayanta kuma suka narke, irin wanda mata ke gani su ce wannan aikin ƙwararru ne. Idan Yaya yana son ya taimaka, ga inda kuɗinsa zai yi amfani. Za ki ji ana yabon 50mm f/1.8, kuma ya cancanci yabo, sai dai a kan irin wannan kyamara yana matse wuri, a ɗaki ƙarami za ki ja baya har bango ba ki samu amarya da ƙawayenta a hoto ɗaya ba. Ki kula kuma da haruffan da ke jikin gilashin. D3500 ba ta da injin saita gani a jikinta, don haka sai gilashi mai AF-S ko AF-P ne zai saita kansa. Tsohon 50mm mai harafin D yana da araha, ana yawan tura wa sababbin shiga shi, amma da hannu za ki riƙa murɗa shi ana tsakiyar guɗa.

Bayan gilashin, abu na gaba filasha ce mai kai da ke juyawa. Kada ki harba ta a fuskar mutane, ki ɗaga kanta ta doki silin ko farin bango hasken ya dawo a tausashe.

Yanzu ga Yaya. Ba zan rage wa kyamara mai dogon zuƙo darajarta ba, domin akwai mutanen da ita nake ce musu su saya ba tare da jinkiri ba. Wanda ke zuwa dausayin Haɗeja da Nguru kallon tsuntsayen da ke saukowa daga Turai lokacin sanyi, ko mai zuwa Yankari, ko ɗalibin da ke nazarin dabbobi, babu abin da zai kai shi nisan nan da irin wannan kuɗi. Gilashin DSLR da ke kaiwa milimita 600 yana da nauyin kusan kilo 2, kuma shi kaɗai ya fi kyamarar tsada. Amma Hawan Daushe ba ya buƙatar 2000. Doki babban abu ne, kuma a gabanka yake wucewa. Abin da ake buƙata a wurin shi ne kyamarar da ke kama abu mai gudu, musamman lokacin jahi, kuma a nan DSLR ta fi sauri nesa ba kusa ba. Mai dogon zuƙo idan ta kai ƙarshe tana lalube kafin ta kama, ɗan motsin hannu yana fitar da mahayi daga hoton gaba ɗaya, ga ƙura da hucin rana da ke tsakaninka da abin da ke nesa, waɗanda babu gilashin da ke maganinsu. Idan Yaya ya sayi gilashin AF-P 70-300 na kansa, a kan D3500 zai yi daidai da 450, ya isa ya cika hoto da rawani da kwalliyar doki. Ranar hawan ya ari kyamarar ya ɗaura nasa, washegari ya dawo miki da ita. Taura biyu ba ta taunuwa a kyamara mai manannen gilashi, amma a wadda ake canza wa gilashi kowa na iya samun tasa.

Idan bidiyo na cikin lissafinki, to a nan D3500 tana da rauni. Ba ta da ramin sa makirufo, kuma saita ganinta a bidiyo yana da nawa. Canon 200D ta 2017 ko 250D ta 2019 sun fi ta a wannan fanni, kuma allonsu yana juyawa. Ban ga kin ambaci bidiyo ba, shi ya sa ban sauya shawarata ba. Za ki kuma ji ana cewa zamanin DSLR ya wuce, tunda Canon da Nikon sun karkata ga kyamarori marasa madubi tun 2018. Haka ne, kuma Nikon ta daina ƙera D3500. A gare ki wannan riba ce, domin shi ya sa na hannu suka yawaita a kasuwa, gilasansu ma haka. Abu ɗaya da zan so ki bincika kafin ki biya: mijin ƙawarki da abokan aikinsa wace iri suke riƙewa? Idan duk Canon ce a hannunsu, akwai hikima ki bi su, don aron gilashi da batir da sanin mai gyara.

Da yake ta hannu ce, kada ki biya a tsaye. Ki je da katin memorinki, ki roƙi ƙawarki mijinta ya raka ku ke da Yaya. A duba adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, yana ɓoye a cikin bayanan kowane hoto kuma masu aikin sun san yadda ake fito da shi. Irin waɗannan ƙananan DSLR ana gwada su ne a kan kusan 100,000, don haka wadda ta yi 15,000 da wadda ta yi 90,000 ba kuɗinsu ɗaya ba. A sa lambar f a kan 22 a ɗauki farar takarda, duk ƙurar da ke kan sensa za ta bayyana. A cire gilashin a haska tocilan ta cikinsa, idan an ga abu kamar saƙar gizo-gizo to funfuna ce, a ajiye shi. A tabbatar batir da caja na asali ne. Sannan ki ce wa mai shago ya bar ku ku shiga can ƙuryar shagon, a rage fitila, a ɗauki fuskar Yaya da kyamarorin biyu, a buɗe hotunan a babban allo a zuƙo kan ido. Ina ganin daga nan Yaya da kansa zai ce a naɗe muku D3500.

Idan ta zo hannunki, ki kiyaye ta da hunturu. Kada ki canza gilashi a tsakar gida ana iska, ki shiga ɗaki, ki kifa bakin kyamarar ƙasa, ki yi sauri. Da damina kuma kada ki kulle ta a jaka mai laima. Ki ba kanki makonni kina gwaji a kan ƙannenki a ɗakinku da dare kafin ki karɓi kuɗin kowa, ki fara da harafin A da ke kan maɓallin sama, ki sa f/2 ko f/2.8 idan mutum ɗaya ne, ki ƙara lambar idan jama'a ne a jere. Hotunan matan da suka saki jiki a gabanki kuwa, tunda don sirrinsu aka kira ki, kada ko ɗaya ya hau Instagram ko WhatsApp ɗinki sai da izinin mai shi, kuma ki cire katinki kafin ki ba Yaya aron kyamarar.

Ki turo mana hoton lallen farko da kika ɗauka da ita, na hannu kawai, mu duba tare mu ga abin da za a gyara. Allah Ya ba da sa'a, a gaida Yaya.