Matsin Ruwa da Zafi: Darasi Daga Tukunyar Kombi

Gabatarwa

A ƙasashe masu tsananin sanyi, irin su Birtaniya, ɗumama gida a lokacin hunturu lalura ce ta rayuwa, musamman ga jarirai da tsofaffi. Na'urar da gidaje da yawa suka dogara da ita don wannan aiki ita ce tukunyar kombi, wadda ke ƙona iskar gas ta ɗumama ɗakuna, ta kuma ba da ruwan zafi a famfo nan take ba tare da tankin ajiya ba. Sau da yawa bayan mai gyaran famfo ya gama aiki a gida, sai tukunyar ta ƙi kamawa, ko ruwan wanka ya fito da sanyi. A wannan darasi za mu ga yadda ilimin matsi da zafi, wanda ake koyarwa a sakandare, ke taimakawa wajen gano inda cutar take.

Hanyoyin ruwa biyu

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, akwai hanyoyin ruwa biyu a cikin tukunyar, kuma ba sa gauraya. Ta farko rufaffiya ce: ruwa ɗaya ne ke ta kewayawa daga tukunya zuwa faifan ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango, ya sake komowa. Ta biyu buɗaɗɗiya ce: ruwan sanyi daga babban bututun gari yana shiga, ya karɓi zafi ta jikin wasu siraran farantan ƙarfe, ya fita ta famfo. Allurar ma'aunin da ke gaban tukunya matsin rufaffiyar hanya kawai take nunawa. Saboda haka tambayar farko ita ce: wace hanya ce mai gyara ya taɓa?

Idan matsi ya faɗi

Ana auna wannan matsi da ma'aunin da ake kira bar. Bar 1 ya yi kusan daidai da matsin da tankin ruwa mai tsayin mita 10 daga ƙasa ke bayarwa, abin da duk mai tanki a kan hasumiya a gida zai gane. Idan tukunya ta huce, allura ta kan tsaya tsakanin bar 1 da 1.5. In ta sauka ƙasa da kimanin rabin bar, yawancin tukwane kan kashe kansu don kada su ƙone.

Duk lokacin da aka kwance faifan ɗumama ko aka yanka bututu, ruwa zai zube, iska ta maye gurbinsa. Maganin shi ne a buɗe ɗan bututun ciko a hankali har allura ta hau, a rufe shi ruf, sannan a fitar da iskar da ta taru a saman kowane faifai ta ɗan bawul ɗinsa. Fitar da iska kan sake rage matsi, don haka sai a ƙara ciko. Amma idan allura ta ci gaba da sauka bayan kwanaki, to akwai yoyo, kuma mahaɗan da aka ɗaura sababbi su ne abin fara dubawa. Yawan ciko ba magani ba ne, domin sabon ruwa yana shigo da iskar oksijin mai haddasa tsatsa.

Idan matsi ya yi yawa

Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Lita 100 da aka ɗumama daga digiri 10 zuwa 80 na ma'aunin Selsiyos za ta ƙaru da kusan lita 3. Tun da ruwa ba ya matsuwa kamar iska, dole a tanadar wa wannan ƙari wurin zuwa. Shi ya sa aka sanya wani ɗan tulu na ƙarfe da aka raba cikinsa biyu da tantanin roba, ɓangare ɗaya ruwa, ɗayan iska. Ruwan da ya ƙaru sai ya tura robar, ya matse iskar. A nan dokar da Robert Boyle ya bayyana a shekarar 1662 take aiki: muddin zafin iska bai sauya ba, in aka rage girman wurin da take zuwa rabi, matsinta zai ninka.

Idan iskar tulun ta tsere, da zarar an kunna tukunya allura za ta yi tsalle zuwa bar 3. A nan ne bawul ɗin kariya ke buɗewa ya zubar da ruwa ta wani bututu da ke bayan gida, in tukunya ta huce kuma sai matsi ya faɗi. Idan kuwa allura tana hawa alhali tukunya a kashe take, a duba ko mai gyara ya bar bututun ciko a buɗe.

Idan ruwan famfo ya ƙi zafi

Tukunyar kombi ba ta kunna wuta sai na'urar da ke jin gudun ruwa ta ji lita 2 zuwa 3 na wucewa a minti ɗaya. Idan ba a buɗe babban makullin ruwan gida sosai ba bayan gyara, ko dattin aiki ya toshe matata, gudun ba zai kai ba. Bokiti da agogo sun isa a auna wannan. Idan ruwa yana zafi yana sanyi, mai yiwuwa laka da tsatsar da aiki ya motsa sun cushe farantan nan. Idan kuma faifan ɗaki ne ke ɗaukar zafi lokacin da aka buɗe famfo, to bawul mai karkatar da ruwa tsakanin aikin biyu ya maƙale.

Gargaɗi

Duba allura, ciko da fitar da iska ayyuka ne da mai gida zai iya yi bisa umarnin littafin tukunyarsa. Buɗe cikin tukunya kuwa aikin ƙwararre ne, domin gas da bai ƙone sosai ba yana haifar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa. A Birtaniya, tun shekarar 2009, injiniyan da ke cikin rajistar Gas Safe ne doka ta amince ya yi wa mutane wannan aiki.

Aikin aji

Ana bukatar kimanin kilojul 4.2 don ɗaga zafin lita 1 ta ruwa da digiri 1. Tukunya mai ƙarfin kilowat 24 tana ba da kilojul 24 a kowace daƙiƙa. Ɗalibai su lissafa lita nawa za ta ɗumama da digiri 35 a minti ɗaya. Amsar ta kusa lita 10. Daga nan malami ya tambaye su: me zai sami mai wanka idan wani ya buɗe famfon zafi a madafa?