Mabiyiya da gyambon ciwon suga: an ɗauko magana ta wutsiya

Kwanakin nan da wuya a tashi daga ganin masu ciwon suga ba a samu wanda ya miƙo mini waya ba: "Likita, dubi wannan, an ce yanzu da mabiyiya ake warkar da gyambo, ba sai an yanke ƙafa ba." Wasu har sun riga sun gana da ungozoma ta ajiye musu idan an haihu. Maganar tana da tushe, sai dai abin da ya iso kunnen jama'a ya yi hannun riga da abin da ake yi a asibiti.

Ba mabiyiyar ake ɗorawa ɗungurungum ba. Wani siririn tantani ne da ke lulluɓe jariri da ruwansa, wanda idan ya yage ake cewa faya ta fashe. Kuma ba yau aka fara ba. Tun 1910 likitan fiɗa John Staige Davis ya gwada shi wajen dashen fata a asibitin Johns Hopkins na Amurka, likitocin ido ma sun daɗe suna aiki da shi. Yana rage kumburi, yana ɗauke da sinadaran da ke zaburar da sabuwar fata, kuma jiki bai cika ƙin sa ba. Ana yanka shi daidai bakin rauni, a shimfiɗa, a rufe, a sake bayan mako ɗaya ko biyu.

To ga inda nake so a buɗe kunne. Tantanin da likita ke ɗorawa daga haihuwar tiyata ake karɓarsa, a ɗakin da aka tsabtace, da yardar mai haihuwar, bayan an gwada jininta an tabbatar babu ƙanjamau, babu ciwon hanta nau'in B da C, babu tunjere. Sannan a wanke shi, a busar ko a daskarar, a rufe cikin leda. Mabiyiyar da aka ɗauko daga ɗakin mai jego a cikin roba kuwa ta biyo hanyar haihuwa, ta kwashi ƙwayoyin cuta, ta sha hannu, kuma nama ce mai saurin ruɓewa. Ka ɗaure ta a kan buɗaɗɗen ciwon mutumin da suga ya riga ya raunana garkuwar jikinsa, me kake tsammani? Ko 'yarka ce ta haihu, ko matarka, haka abin yake. Kada a yi. Mabiyiya a binne ta kamar yadda aka saba.

Shi kansa na asibitin ba tsafi ba ne. A wani gwaji da aka wallafa a 2014 kan mutum 97, kashi 62 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa samfurin Grafix sun warke cikin mako 12, waɗanda ba a sa wa ba kashi 21. Sakamako ne mai kyau. Amma kamfanin da ke sayar da kayan shi ya ɗauki nauyin binciken, kuma ba a shigar da mai ƙafar da ta harbu ko wadda jini ba ya isa gare ta ba. Kowa a cikinsu an kankare masa mataccen nama, an ɗauke wa ƙafarsa nauyi. Shi ya sa ƙungiyar masana ƙafar masu ciwon suga ta duniya, IWGDF, a jagorarta ta 2023 ta ce a duba yiwuwar amfani da shi ne a matsayin ƙari, bayan kulawar da aka saba ta gaza. Harkar kuma akwai kasuwa a ciki: a 2024 kaɗai inshorar lafiya ta Medicare a Amurka ta kashe sama da dala biliyan 10 a kan kayan maye gurbin fata. Duk mai asibitin da ya fara yi maka lissafin kuɗin tantani kafin ya taɓa bayan ƙafarka ya ji bugun jini, ɗauki hularka.

Gyambon nan suga ne ya kashe jijiyoyin ji, ya ƙuntata hanyoyin jini. Ƙusa ta huda silifa, mutum ya wuni a kanta bai sani ba. Daga nan sai a ce taka aka yi, a shafe watanni ana barbaɗa gari, ana fasa kafso a zuba, ana gasawa da ruwan zafi a ƙafar da ba ta jin ƙuna. Sai ta yi baƙi tana wari a kawo mana, a ce a sa mabiyiya. Tantani ba ya tayar da naman da ya mutu, ba ya kuma warkar da ƙashin da cuta ta shiga.

Abin yi a bayyane yake. A daidaita suga, a auna gudun jini a ƙafa, a kankare raunin, a magance ƙwayar cuta. A daina taka wurin, ko da ɗaurin filasta irin na karaya ne, domin zuwa kasuwa da ɗingishi ma takawa ne. A auna faɗin ciwon da ma'auni a rubuta. Idan an yi mako 4 ana duk wannan bai ragu da rabi ba, a nan ne ya dace ka tambayi likitanka batun tantani. Kai kuma mai ciwon suga, duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu kullum kafin ka kwanta, ko ka sa a duba maka. Ka ga ƙuje, bororo ko tsagewa, washegari ka je asibiti.